Sandar da Ta Riƙe Hannun Yaya

Yanzu duk inda ka zauna a Gummi, ko a tasha ko a gindin bishiyar da ake jiran motar Anka, za ka ga mutum ya sunkuyar da kai a kan waya yana shafa gilashi da ɗan yatsa. Wai wasa yake yi. Yana tuƙa mota ko yana gina gari, amma duk abin da ya faru a cikin gilashin nan hannunsa bai sani ba. Motar ta faɗa rami, yatsan yana nan sumul. A shekarun da nake magana a kai, ƙarshen na casa'in zuwa farkon na dubu biyu, kwamfutocin garin nan ba su da yawa, kuma wasan da na sani a cikinsu da hannu gaba ɗaya ake yinsa, har da kafaɗa. Akwai wata sanda da ake haɗawa da kwamfuta, in ka tura ta ita ma sai ta turo ka. Na mallaki irinta guda uku, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba don nishaɗi na yi ta neman biyun ƙarshe ba.

Rabin rayuwata a waje na yi shi. Na yi tafinta da kula da sito a kamfanonin gine-gine, daga Yamai zuwa Abijan, daga can Tarabulus, a ƙarshe Jidda. Fulatanci tun ina yaro na tsince shi a wurin maƙwabta, Faransanci da Larabci da Turanci kuwa neman abinci ne ya koya mini su. A Jidda na fara ganin sandar, a wani shagon kayan kwamfuta. Mai shagon ya ga na tsaya ina kallo, sai ya kama hannuna ya ɗora a kanta, ya kunna wasan tuƙa jirgin sama. Jirgin na fara gudu a ƙasa sandar ta kama karkarwa kamar sitiyarin babbar mota a hanyar Nasarawa Burkullu da damina. Da ya ɗaga sama sai karkarwar ta ɗauke, wani nauyi mai laushi ya zauna mini a wuyan hannu. Na juya shi hagu, na ji iska tana gardama da ni. Ina da furfura a lokacin, amma ban bar shagon nan ba sai da ita.

Abu ne mai nauyi. Gindinta ya kai faɗin faranti, tana da wayar wutarta daban, kuma a ciki akwai ƙananan injina guda biyu, ɗaya na tura ta gaba da baya, ɗaya gefe da gefe. Faransawa suna ce wa irinta ƙotar tsintsiya, Larabawa kuma sandar sarrafawa. A gidanmu matar wana, wadda kowa ke kira Inna, kallo ɗaya ta yi mata ta ce muciya ce, kuma sunan ya zauna.

Wan nawa, Yaya, ya girme ni sosai. Ni ne autan ɗakinmu, kuma har na tsufa Auta yake ce mini. In ban da aikin hajji bai taɓa yin nisa da gida ba. Shinkafa a fadama, gero a tudu, da garmar shanu wadda ba ya yarda wani ya riƙe masa. Tafin hannunsa kamar fatar ganga yake. A layinmu, bayan sallar magariba kowane gida yakan fito da kwanon tuwo, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu saboda shi ne babba, magidanta su kewaye. Shi yake fara cewa bismillah, shi yake yanke lomar farko, sannan hannaye su shiga. A nan ake sanin wanda zai aurar da 'ya, da wanda ruwa ya ci wa gona.

Shekarar da na tattaro kayana na dawo gida, ya faɗi a masussuka bayan an yanke shinkafa. Aka kai shi asibiti a Sakkwato. Allah ya yi da sauran kwana, ya dawo yana tafiya da sanda, harshensa ya ɗan yi nauyi sannan ya sake. Hannun dama ne ya ƙi. Yatsun suka naɗe cikin tafi, ya riƙa ɓoye shi a cikin hannun riga.

Daga nan ya daina fitowa tabarma. Liman ya shigo har ɗaki ya gaya masa cewa mai lalura ba shi da laifi in ya ci da hagu.

"Na ji, Allah ya gafarta Malam," in ji Yaya. "Allah ya yarda, na sani. Ni ne ban yarda in tsoma hagu cikin kwanon da mutane ka ci ba."

Sai ya koma ci a ɗaki, labule a sake, ko Inna ba ta zama. Likitan gashin ƙashi a Sakkwato ya ba shi wata jar ƙwallon roba ya ce ya riƙa matsawa kullum. Kafin mu iso gida ya riga ya yanke shawara, yana sauka daga mota ya miƙa wa jikokinsa.

Wata rana da hantsi na tada janareta ina wasana a ɗakina da ke kusa da zaure, sai na ji an ɗaga labule.

"Auta, kai da furfurarka? Wanga shi ne ilimin da ka ɗebo ƙasar Larabawa?"

"Shigo ka gani, Yaya."

"Mi zan gani? Jirgi cikin akwati."

Na saki sandar don in jawo masa kujera. Jirgin ya karkata, ita ma ta karkata da kanta ta dawo, ba kowa a kanta. Yaya ya ja da baya.

"Kai! Wa ya taɓa ta?"

Na yi masa bayanin injinan. Ya zauna yana harararta.

"To, tana da ra'ayinta ke nan, awa ɗan maraƙin da ba a hora ba."

Ban san abin da ya sa na miƙa hannu na kamo damansa ba, ban kuma san abin da ya sa ya bar ni ba, don tun da ya dawo ba wanda ya yarda ya taɓa hannun. Na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, suna da sanyi da tauri, na naɗa su a jikin sandar, na yago bakin wani tsohon rawani na ɗaure. Na mai da jirgin ƙasa na sa shi gudu. Sandar ta kama karkarwa. Jirgin ya yi ta gudu har ya sauka daga hanya ya afka ciyawa.

"Sake," ya ce.

Na sake. Wannan karon ya tashi sama, ya fara karkata, sandar ta fizge shi gefe. Na ga jijiyar damtsensa ta motsa.

"Na ji ta nan," ya ce, yana dafa gwiwar hannun da hagunsa. "Awa garma in ta ci karo da saiwa. Tun da na faɗi ban ji komi wurin ga ba sai nauyi."

Ni ba likita ba ne, kuma ban ce sandar magani ce ba. Amma da muka koma Sakkwato na ba likitan labari, ya yi dariya, sannan ya duba hannun ya daina dariyar. Ya ce duk abin da zai sa dattijon nan ya yi aiki da hannunsa kullum, a bar shi a kai. Ya ja mana kunne kan abu ɗaya, kada a yanke. Irin wannan hannu in aka bar shi ya huta, komawa yake yi ya ƙulle, kuma buɗewa ta biyu ta fi ta farko wuya.

Haka muka shiga. Kullum da hantsi janareta na tashi Yaya na ɗaga labule. Bai taɓa koyon saukar da jirgi ba, kuma bai damu ba. Ya jefa shi cikin teku, ya kara shi da duwatsu, ya kifa shi a gonakin mutane, kowane karo sai ya ce, "Allah ya jiƙan fasinja, sake." Gardamar nan yake so, ta ja shi ya ja ta. A hankali muka daina ɗaurewa da tsumma. Babban yatsa ya fara kai wa maɓallin da ke saman sandar. Wata safiya Inna ta tsaya a bakin ƙofata, abin da ba ta saba ba.

"Mijina ƙarami, muciyar taka ta tuƙa abin kirki. Yau da dama ya riƙe ludayi ya sha kunu. Rabi a baki rabi a riga, amma da dama."

Ludayi daban, tuwo daban. Kafin loma ta kai baki sai ka yanko ta, ka mulmula, ka lotsa da babban yatsa, ka ɗebo miya, ka ɗaga ba ta zube ba. Ban taɓa lura da yawan aikin da ke cikin loma ɗaya ba sai da na ga Yaya yana gwadawa da curin ƙasa a bayan ɗaki. Amma ya ga hanya. Ya ce da kaka, in sabon gero ya shigo, zai fito tabarma. Ya faɗa wa liman, ya faɗa wa maƙwabta, maganar ta zaga.

Labarin sandar ma ya zaga, kuma ta nan abin ya fara lalacewa.

Masu dubiya ba su yanke ba tun da ya kwanta. Dangi daga Anka, abokan noma daga Bukkuyum, surukai daga Nasarawa Burkullu. Da yake da hantsi a ɗakina yake, nan ake kawo su. A wurinmu kuwa duk abin da baƙo ya tarar a gabanka sai ka ce masa bismillah. Tuwo ne, goro ne, tabarma ce, ko rediyo kake ji sai ka matsar masa da ita. Yaya bai ga dalilin da zai sa sandar ta fita daban ba. Ana gama gaisuwa sai ya zare hannunsa ya ce, "Bismillah, taɓa ka ji."

Na ga yadda ake riƙe irin wannan sanda a wurare da yawa. Wani injiniya da na yi aiki da shi a Tarabulus da yatsu uku yake riƙe tasa, kamar mai riƙe alƙalami, in ta turo shi sai ya saurara ya bi ta. Waɗanda suka ƙera ta irin wannan mutum suka yi wa, mutum ɗaya a ɗaki mai sanyi, wanda ya san turowar nan saƙo ce. Mutanenmu kuwa masu kada bijimi ne a ɗaure shi. In abu ya turo su, to ya nemi kokawa. Sai ka ga ƙato ya kafa ƙafa, ya danne ta zuwa ƙarshe, ya riƙe ta a nan injin yana kuka, har sai ta yi laushi, sannan ya waiwayo yana dariya: "Na kada ta!" Ɗaki ya ɗauki shewa. Yaya ya fi kowa jin daɗi, don rabonsa da ya ga an taru ana dariya a gabansa tun kafin ya faɗi.

Da suka watse wata rana na ce masa, "Yaya, abin nan ba na kokawa ba ne. Haƙoran da ke cikinta roba ne."

"Mutum ya taho tun daga Gwashi, ya tsallake ruwa don ya gaishe ni, ya iske ni da abu ga hannu, in ce mishi kallo ya ishe ka? Auta, yawo ya ɓata ka."

"Maganinka ne fa. Ana ba baƙo maganin majiyyaci?"

"In ya ce kansa na ciwo, ba a ba shi?"

Ana bayarwa kuwa.

Sai na yi dabara. A cikin kwamfutar akwai inda ake rage wa sandar ƙarfi. In na ji sallama a zaure sai in yi sauri in rage. Baƙon farko da ya taɓa ta a haka ya ce, "Wannan ce ake ta zuzutawa? Ai ko akuya ta fi ta gardama." Yaya ya karɓa ya gwada, ya ɗago ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya tsinka wa baƙo fura da ruwa.

"Mai da ta yadda take," ya ce, a gaban mutumin. Na mayar.

Kafin damina ta kankama na fara jin alamu. In ka sake ta a tsakiya sai ta ɗan yi lilo, alhali da tsaye take cak. In ka kai ta dama sai ka ji ƙaf-ƙaf a ƙarƙashin tafinka. Gindinta yana ɗaukar zafi har da wari. Na ɗaga ta na saurara kamar mai sauraron ƙirjin yaro. A daidai lokacin tsohon wurin aikina suka neme ni in je Yamai in taya su rufe wani sito. Na nuna wa Yaya yadda zai kunna kwamfutar da hagu, babban ɗansa kuma zai riƙa tada janareta kafin ya tafi gona. Na roƙe shi ya yi wa sandar hankali. Ya ce, "Tahi lahiya, ba jaririya ba ce."

Ranar da na dawo, da hantsi na shigo layinmu, ban ji ƙarar janareta ba.

Inna ce ta ba ni labari. Muna da taubashi a Gwashi, ɗan goggonmu, makiyayi, dogo mai faɗin ƙirji. Shi da Yaya tun suna yara kowa bawa yake kiran ɗan'uwansa, kuma ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun yi wa juna tsiya ba. Tun da ciwon nan ya zo, kowa sannu yake cewa, shi kaɗai ne yake shigowa ya ce, "Bawana, ka ɓoye hannu don kar ka ba ubangidanka goro?" Yaya kuwa sai ya yi ta dariya har da hawaye. To shi ne ya zo, aka ce masa bismillah. Ya ce yau zai nuna wa bawansa yadda ake horar da dabba. Ya kama sandar hannu biyu. Inna ta ce daga madafa ta ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Sandar ta kwanta dama ba ta tashi ba. Taubashin ya tsaya da ita a hannu, sannan ya sake ta ya fita ko ruwa bai sha ba. Bayan kwana biyu ya aiko da ƙwaryar man shanu.

Na kwance ta a kan tabarma. Murfin mai kauri ne, injinan lafiyarsu ƙalau, wayoyin a shirye tsaf, aikin mutanen da suka san abin da suke yi. Amma tsakanin injin da sandar, inda duk ƙarfin yake bi, wasu fararen ƙafafu ne zagayayyu na roba masu haƙora, babbar cikinsu ba ta wuce tsohon kwabo ba. Haƙoran sun side, wasu sun karye, garinsu ya taru a ƙasa kamar garin rogo. Na daɗe ina kallonsu. Garmar Yaya ta girme ni a aiki, in bakinta ya cinye maƙeri ya ƙara mata wani. Keken ɗinkin Inna tun na aurenta ne. A Abijan na kwana ƙarƙashin fankar da aka kafa tun zamanin Faransawa, tana juyi abinta. Wannan kuwa duk nauyinta da kyanta, an ɗora ranta a kan abin da ba wanda zai iya ƙerawa a inda muke, kuma ba a sayar da shi shi kaɗai.

Duk da haka na gwada. Wani mai gyaran agogo a Anka ya liƙa haƙoran da gam, suka yi safiya ɗaya suka zube. Na kai babbar ƙafar Gusau wurin mai injin sassaƙa ƙarfe, ya auna ya fitar mini da irinta ta tagulla, kyakkyawa. Sai dai haƙoran sun saɓa da kaɗan, abin da ido ba ya gani. Tagullar ta cinye robar da ke kusa da ita, injin ya cije, ya yi zafi, hayaƙi ya fito siriri. Daga nan ba ta ƙara motsi ba.

Na hau mota zuwa Kano. Na zaga shagunan kwamfuta ina kwatance da hannu. A ƙarshe wani ya sauko mini da kwali mai hoton jirgin yaƙi, ya rantse irinta ce, har ta fi. Tun da na ɗaga na ji ba nauyi zuciyata ta ba ni, amma ba ni da wata. Da na haɗa ta a gida na gane bambancin. Wannan ba ta turowa. Wani ɗan ƙarfe ne kawai a ciki yake juyawa ya sa ta rawa, ko jirgi na sama ko na ƙasa rawar ɗaya ce. Yaya ya ɗora hannu, ya tura ta, ta tafi ba musu.

"Wagga masassara ta ka yi," ya ce. "Rawar ɗari kawai. Ɗauke abinka."

Na ce ya daure ya riƙa motsa hannun da ita kafin a samo ta gaske. Ya ce shi ba ya kokawa da wanda ba ya ramawa. Na sayo wata ƙwallon roba, ita ma ta bi ta farko. Inna tana gasa masa hannun da ruwan ɗumi da man kaɗanya safe da yamma, amma ina gani yatsun suna komawa ciki, ƙaramin ya fara, na kusa da shi ya bi. Na yi waya da wani tsohon abokin aikina da ke zaune a Marsai, can ƙasar Faransawa, ya ce zai duba, amma a can ma sun fara wuya.

Kaka ta zo. Sabon gero ya shigo gida. Na ɗauka Yaya zai bar maganar ta wuce, ba wanda zai tuna masa. Amma shi ya faɗa da bakinsa, kuma bai saba faɗa ya fasa ba. Ran nan bayan magariba ya sa farar riga, ya fito. Mutane suka tashi suna barka, aka matsa masa wurinsa na da. Taubashinmu ma yana nan, ya kawo shanu kasuwa ya tsaya kwana, karo na farko da ya tako gidan tun ranar. Ya zauna daura da Yaya, kansa a ƙasa.

Aka buɗe kwanoni. Yaya ya zaro hannun daga cikin riga, ya ce bismillah. Kowa ya jira. Ya kafa yatsu uku a gefen tuwon, ya yanko, ta fito. Ya mulmula ta a hankali a jikin tafi, ba ta yi kyau ba amma ta haɗu. Ya kai ta miya. Ya ɗago. Tana tsakanin kwano da baki sai yatsun suka ƙulle, lomar ta matse ta tsakaninsu ta faɗo a kan farar rigar, miyar kuka ta gangara har cinya.

Liman ya sa hannu a kwano da sauri kamar bai gani ba, sauran suka bi. Na dubi taubashin. Duk wanda ke wurin ya san wannan tasa ce, a nan ne zai ce bawansa ya fara ciyar da riga kafin ciki, a yi dariya, a miƙo ruwa, a sake gwadawa. Bakinsa ya motsa. Sai ya ce, a hankali, "Sannu, Yaya."

Tun da aka haife su bai taɓa ce masa Yaya ba.

Yaya ya zauna kaɗan. Sannan ya mai da hannun cikin riga, ya dafa sandarsa ya tashi, ya ce a ci lafiya. Na bi shi ciki da buta. Yana zaune bakin gado ina wanke masa yatsun, ya ce, "Da bawana ya yi mini dariya da na zauna."

Sanda ta uku ta iso bayan an gama sussuka, abokina na Marsai ya aiko ta a hannun wani ɗan kasuwa da ya biyo ta Yamai. Ta hannu ce, an yi amfani da ita, amma gaskiya ta fi ta farko daɗin riƙo. Ita ba haƙora ne a cikinta ba, wasu siraran igiyoyin ƙarfe ne suke jan ta, shi ya sa turowarta ba gargada. Na roƙi Yaya har ya zo. Yatsun sun ƙi buɗuwa sai da na sa ƙarfi, na ga ya cije leɓe. Na koma ɗaurewa da tsumma kamar farko. Jirgin ya yi gudu, ya tashi, ta ja shi gefe. Hannun ya bi ta kawai, bai ja ba.

"Kana jin ta?" na ce.

"Ina ji."

"To ja mana."

Ya dubi hannun kamar na wani ne. "Kwance ni, Auta."

Wannan ba baƙon da ya taɓa ta. Na rufe ta da zane, ni kaɗai nake kunna ta jefi-jefi don in ya canza ra'ayi ya same ta a shirye. Duk da haka kafin wata damina ta wuce igiyoyin sun saki, ta fara lilo a tsakiya kamar 'yar'uwarta. Abin ya daɗe yana damuna. Na sha zama ina lissafin cewa da an bar ta farko ga Yaya shi kaɗai, da ta kai mu kaka. Da na ga ta ukun ta saki a hannuna ni ɗaya, sai na rasa tabbacin hakan ma. Wataƙila dama ba a yi su don su daɗe ba. Daga baya duk inda na shiga shagon kwamfuta na tambaya, a Kano ko a Jidda da na koma umara, sai a ce an daina kawowa. Sababbin kwamfutoci ma ba su da ramin da ake soka ta farkon.

Taubashinmu ya ci gaba da zuwa gaisuwa, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya yi sannu, ya tashi. Yaya ya rayu shekaru bayan haka, lafiyarsa ƙalau in ban da hannun, kuma bai ƙara cin abinci a gaban kowa ba. Tabarmar magariba ta koma ƙofar gidan liman na ɗan lokaci, daga baya kowane magidanci ya koma ci a cikin gidansa, kuma haka layinmu yake har yau.